Ba Gem Ɗin Ake Kallo Ba, Bakinka Ake Saurare

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon gem na unguwa ya san inda armashin yake. Mutum biyu ne riƙe da fad, ido a talabijin, baki gum, gumi na tsattsafo musu. Amma shewar da ake jiyowa har bakin titi ba daga wajensu take fitowa ba. Akwai wani a kan benci a bayansu, galibi ko kuɗin wasa ɗaya babu a aljihunsa. Shi ne mai raɗa wa gola suna Kwando, shi ne mai tuna wa wanda aka zura wa uku cewa har yanzu mai shago na bin sa bashin jiya. Ranar da bai zo ba za a buga wasa kamar kullum, a ci a rama, amma kowa zai ji shagon ya yi lami.

Abin da yaron nan yake yi kyauta shi wasu suka mayar sana'a a intanet: a naɗi wasan gem, a ɗora murya a kai, a saka a YouTube ko TikTok ko Facebook jama'a su kalla. Wani ɗan ƙasar Siwidin mai suna Felix Kjellberg, wanda duniya ta fi sani da PewDiePie, ya buɗe tasharsa a 2010 yana buga wasanni masu ban tsoro yana ihu da surutu. A 2013 ya fi kowa mabiya a YouTube, a 2019 suka haura miliyan 100, kuma ba gwanintar wasa ce ta tara masa su ba. Dandalin Twitch, wanda aka buɗe a 2011 don masu watsa wasansu kai tsaye, shekara uku kacal ya yi kamfanin Amazon ya saye shi a kan dala miliyan 970. A 2024 Saudiyya ta shirya gasar gem ta duniya a Riyad da kyautar da ta haura dala miliyan 60. Dattijon da ke cewa abin wasan yara ne ya duba waɗannan alƙaluma. Shi kuma yaro kada ya yi saurin lashe baki, don babu ko sisi a cikinsu da aka rubuta sunansa.

Ni sana'ata haɗa sauti ce. Tallace-tallacen rediyo nake naɗa a wani ɗan ɗaki a Kano, daga na mai maganin basir zuwa na makarantar kuɗi da na ɗan takarar kansila. Saboda haka samari kan zo mini da tambaya a kan makirfo, kuma 'yan shekarun nan da yawa daga cikinsu ba waƙa suke son yi ba, sharhin gem ne a ransu. Har ɗan yayata ya zo mini da takarda a hannu, ya jera abin da yake buƙata kafin ya fara: PlayStation 5, kujera mai juyawa irin ta motar tsere, fitilar zobe, kyamara, makirfo mai hannu, laftof. Na ce ya ajiye takardar ya ɗauko wayarsa, ya buga wasa ɗaya ya yi mini sharhi in ji. Ya gyara murya, ya buɗe da gaisuwar samarin Amurka yana lanƙwasa harshe. Kafin a je ko'ina Turancin ya ƙare, sauran wasan sai ihu da nanata kalma biyu. Da ya ga na yi shiru sai ya ce, "Kawu, ai haka ake yi." Wannan fa yaro ne da in ya zauna a ƙofar gida yana ba da labarin yadda aka kama ɓarawon akuya, sai cikinka ya ƙulle don dariya.

Zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya zaɓi yin sharhi da Turanci ya shiga layi ɗaya da ɗimbin mutanen da aka haifa da harshen a bakinsu, na Landan da na Los Anjalis har da na Legas, masu kayan aikin da shi sai dai ya gani a hoto. Me zai sa Ba'amurke ya bar ɗan garinsu ya zo ya saurari ɗan Ƙofar Nassarawa yana in'ina? Shi kuwa Bahaushen da zai kalla, in Turancin yake so ya san inda zai samo na asali. A Hausa filin yana da faɗi. Masu jin harshen miliyoyi ne, daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram, zuwa zangunan Kumasi da Akara, kuma tuni suna kan YouTube da datarsu. Masu shirya Izzar So da Labarina sun nuna haka, mako-mako ana jiran su ɗora sabon kashi. Wayar da uwa take kallon Labarina a kanta, ita ce yaronta yake buga Dream League da ita in ta shiga kicin.

Ɗora baki a kan abin da wani yake yi kuwa, ba daga Siwidin za a koya mana shi ba. Mutane da yawa da suka san sunan Shago ba su taɓa ganin damben da ya yi ko sau ɗaya ba, bakin mawaƙi Ɗan Anace ne ya kai musu shi har gida. A fagen dambe har yau sanƙira ne ke ɗumama wuri kafin a kai naushin farko. Mun taso muna kallon ƙwallo da kunne, rediyo manne da kai, mai sharhi yana nuna mana filin da ba ma gani. Na baya-bayan nan su ne masu fassarar fina-finan Indiya irin su Algaita, waɗanda suka sa jarumin Mumbai yana baƙar magana irin ta 'yan kasuwar Kwari, har wasu ba sa iya kallon fim ɗin da muryarsa ta asali. Duk aiki ɗaya ne. Hoton na wani ne, abin da ya zaunar da mai kallo naka ne. Saurayin da yake son shiga harkar nan, waɗannan ya kamata ya zauna ya saurara da kunnen ɗalibi: yaya suke jan numfashi, a ina suke yin shiru, yaushe suke ɗaga murya, yaya suke ajiye wata magana su dawo mata can gaba a yi dariya sau biyu.

Bari in tsaya a kan sauti, tunda nan ne gonata. Mai kallo zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, da ma yawancinsu da kansu suke rage ingancin hoton don kada data ta ƙone. Abin da ba zai haƙura da shi ba shi ne murya mai amsa-kuwwa, ko wadda ƙarar wasa ta danne, ko wadda fanka ke hura mata iska. Daƙiƙa goma zai ba ka ya wuce. Kuma mafi yawan abin da ke ɓata sauti ba rashin makirfo mai tsada ba ne, ɗakin ne. Bango na siminti tsirara da tayil a ƙasa suna mayar da murya, sai ta fito kamar daga cikin rijiya. Katifa da labule da darduma da kayan sawa a rataye suna shanye wannan amon. Shi ya sa ɗakin amarya ya fi ɗakin gwauro kyan sauti, nesa ba kusa ba. In ɗakinka gwauro ne, ka jingina katifa a bango, ka zauna kana fuskantarta, ka rataya bargo a bayanka. Na ga muryar da aka naɗa a haka da iyafis na kasuwar waya ta Farm Centre ta fi wadda aka naɗa da makirfon dubban ɗaruruwa a falo mai tayil.

Iyafis ɗin dole ne, saboda dalili biyu. Makirfonsa yana kusa da bakinka, sannan ƙarar wasan tana shiga kunnenka ne kai tsaye. In ka bar lasifikar waya tana magana, makirfo zai sake ɗaukar ƙarar da aka riga aka naɗa daga ciki, sai komai ya fito biyu-biyu. Ka bar kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo, ka ɗan kautar da shi gefe, domin harafin "f" namu iska yake fesowa, duk "fa" da "faɗi" da "fanareti" sai ya buga kamar an daki ganga. In ka sayi ɗan makirfo na maƙalawa a wuyan riga, soso ko guntun safa a kansa ya wadatar. A wajen tacewa ka sauke ƙarar wasan ƙasa sosai, a ji ihun 'yan kallo da harbin bindiga can a baya, muryarka a gaba. Shi ma mai sharhin da kamfani ya saka a cikin wasan, a kashe shi. Ba ka da abin yi da Peter Drury yana magana kana magana.

Sai lokaci. Garuruwanmu ba su da shiru. Da hantsi akwai injin markaɗe da 'yan adaidaita sahu da mai tallar gwanjo da lasifika, da dare janaretan maƙwabci. Lokacin da na fi samun tsabtataccen sauti shi ne bayan sallar asuba, kafin gari ya motsa, kuma a lokacin waya ta huce, in an yi sa'a ta kwana a caji. Fanka kuwa sai an kashe ta. A watan Afrilu wannan horo ne sosai, wanda ya gwada ya sani, kuma shi kaɗai ya isa ya koya wa mutum taƙaita zance.

Wayar da ke hannunka ta isa a fara. Tun daga Android 11 da ya fito a 2020 akwai abin naɗar allo a cikin waya, Tecno da Infinix da Samsung duk za ka same shi in ka jawo allo daga sama. Abu biyu za ka kiyaye. Buga wasa da naɗarsa a lokaci guda yana ɗora wa waya nauyi, ta yi zafi ta fara cijewa, don haka ka rage ingancin zanen wasan, ka cire mata riga, kada ka naɗa tana caji. Na biyu, ka toshe saƙonni kafin ka danna. Duk abin da ya faɗo a allo zai shiga bidiyon, lambar ƙanwarka ce ko alat ɗin banki ko saƙon budurwa, kuma in ya hau intanet ya hau ke nan. Wanda kuma ransa yake kan wasan talabijin, ba sai ya mallaki PlayStation ba. PS4 da PS5 duka suna da maɓalli a jikin fad mai adana wasan da aka buga, ana kwafe shi a filashi. Ka yi ciniki da mai shagon unguwarku, ka naɗi wasan ƙarshe na gasar da suke haɗawa, ka nemi izinin waɗanda suka buga, ka ambaci sunan shagon a bidiyon. Shi ya samu talla, kai ka samu hoto.

Shawarar da samari suka fi ƙi ita ce wannan: kada ka fara da magana kana wasa. Ka buga ka naɗa bakinka a rufe. Ka zaɓi wasan da ya yi zafi, ka kalle shi sau biyu, ka rubuta a takarda abin da za ka faɗa a wuraren da suka dace, sannan ka buɗe CapCut ko makamancinsa ka ɗora murya. Sukan ce ai ba a ji ɗumin abin ba. To mai sharhin rediyo a cikin fili yake da takalmi a ƙafa? Kai ɗaya ba ya ɗaukar tare gida da nemo karin magana a lokaci guda, sai wanda ya daɗe a harkar. Mafari in ya haɗa biyun, wasan ya lalace, sharhin ya koma "kai!" da "wayyo!" da "ka gani ko?" Wanda ya ɗora murya daga baya ya san inda ƙwallo za ta shiga, don haka zai iya jan ran mai kallo, ya yi ta yabon gola yana kirari alhali ya san nan da daƙiƙa biyar za a zura masa ta tsakanin ƙafa.

Me za a ce, to? Nan ne jama'a ke zubewa a bidiyo na huɗu. Abu mafi sauƙin samun masu kallo shi ne koyarwa. Wasannin da yaranmu suka fi bugawa a waya, irin su eFootball da kamfanin Konami ya mayar kyauta a 2021 bayan ya ajiye sunan PES, da Dream League Soccer, da Free Fire na kamfanin Garena na Singafo wanda aka gina don ya yi aiki a ƙananan wayoyi, da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, babu wanda bayanansa suke da Hausa. Yara lalube suke yi, wani ya shekara yana wasa bai san amfanin rabin maɓallan ba. Bidiyon minti biyar mai taken "Yadda ake tare gida a eFootball" zai yi ta samun masu nema watanni bayan ka manta da shi, muddin ka rubuta taken yadda yaro zai rubuta in yana bincike, ba yadda malamin jami'a zai rubuta ba.

Amma koyarwa tana kawo baƙo ne, labari ke sa ya dawo. Dream League yana ba ka damar raɗa wa ƙungiyarka suna, ka zaɓar mata riga, ka faro da ita daga rukuni na can ƙasa. To raɗa mata sunan layinku. Ka ba kowane ɗan wasa laƙabi da hali: wannan mai son kai ne ba ya ba da fasin, wancan tsoho ne gwiwa ta tafi amma koci ya ƙi ajiye shi don surukinsa ne. Kowane mako wasa ɗaya, a ga ko za a haura rukuni na gaba. In aka ci ku, kada ka goge ka sake bugawa, ɗora shi a haka ka yi makoki, ka kori mai tsaron baya a bainar jama'a. Mutane sun fi son ranar da aka lallasa gwani. In ka kai kashi na goma kana riƙe da wannan zaren, za ka tarar akwai masu jin haushin ɗan wasan da kai ka ƙirƙiro masa hali.

Akwai wata cuta tamu da nake roƙon a bari a bakin ƙofa, wato doguwar gaisuwa. Sallama, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa, da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ibada, kada ku manta ku danna nan ku danna can, sai an ci minti biyu ba a taɓa ƙwallo ba. A zaure wannan ladabi ne. A waya, mai kallo da kuɗinsa yake sauraren gaisuwar. Yi sallama cikin numfashi ɗaya ka shiga zance. Roƙon a bi tasha kuma ka bar shi sai ka ba mutum abin da zai sa ya bi. Wajen tacewa ka zama marar tausayi: duk inda wasa ya yi sanyi kai ma ba ka da abin faɗa, yanke.

Maganar data lissafi ce kawai. A ma'aunin da YouTube ke ba da shawara, bidiyon minti 10 mai ingancin 1080p zai kai kusan megabait 600, na 720p kuma bai kai 400 ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a Janairun 2025, wannan bambancin ba abin rainawa ba ne, kuma a allon waya ba kowa zai gane shi ba. Ka tsaya a 720p, ka ɗora da datar dare. Watsawa kai tsaye kuwa a jinkirta ta. Tana son sabis da ba ya yankewa da wutar da ba ta ɗaukewa, sannan tana son jama'ar da suka riga suka san ka. Babu abin tausayi kamar yaro yana ta zuba na awa biyu, mai kallo ɗaya ne, shi ma ƙaninsa ne a ɗaki na gaba.

Sai haƙƙin mallaka, wanda mu a nan muka saba yi wa riƙon sakainar kashi. YouTube yana da na'urar da ake kira Content ID mai sauraren duk abin da aka ɗora tana gwada shi da kayan masu haƙƙi. Waƙoƙin da ke tashi a cikin FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, kamfanin ya biya kuɗinsu ne don wasansa, bai biya don bidiyonka ba. In suka shiga, kuɗin tallan bidiyon na iya tafiya wajen mai waƙa, ko a toshe shi. Kashe kiɗan wasan gaba ɗaya kafin ka naɗa, kuma kada ka maye gurbinsa da waƙar mawaƙin Hausa da kake so, su ma yanzu sun waye. Ɗauko guntun wasan Firimiya na gaske ka liƙa ya fi wannan haɗari, domin gargaɗin haƙƙin mallaka uku ya isa a rufe tasha da duk abin da ke cikinta. Hoton wasan kansa ma mallakar kamfani ne, kawaici suke yi don sun ga talla ce a gare su. Nintendo ya taɓa ƙin yin kawaicin: a 2013 ya fara karɓe kuɗin tallan bidiyon da aka yi da wasanninsa, daga baya ya fito da tsarin raba kuɗi, sai a ƙarshen 2018 ya sakar wa mutane mara.

Yanzu kuɗi. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo a kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In kowane mai kallo yana ba ka minti 4, kana buƙatar a kalle ka sau 60,000. Bayan nan za su duba tashar, kuma tarin hoton wasa da babu sharhin kirki a kai, ko wanda aka kwaso daga tashar wani, suna iya ƙin karɓarsa. Ko su ma bakin suke biya. In an karɓe ka, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogon bidiyo naka ne, amma ba a turo komai sai ya kai dala 100, sai kuma an aiko maka da wata lamba ta gidan waya don tabbatar da adireshinka, sai kuma ka cika shekara 18 ko wani babba ya tsaya maka. Farashin tallan ma ya danganta da inda mai kallo yake zaune. Mai talla yana biyan kuɗi mai kauri don ya isa ga ɗan Amurka ko Jamus, abin da yake biya a kan ɗan Gusau ko Tawa kaɗan ne ƙwarai.

Nan ne masu cewa a yi da Turanci suke samun hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Amsata ita ce talla mai tsada a kan masu kallon da ba ka da su sifiri ce. Wanda ya tara Hausawa dubu ashirin masu jin maganarsa yana da abin da mai sayar da waya a Farm Centre da mai sayar da data da mai shagon rigunan ƙwallo za su biya kuɗi a kai, a naira, hannu da hannu, ba tare da jiran wasiƙa daga Kalifoniya ba. Masu kiranka su ce za su sayar maka da mabiya dubu kuwa, mabiyan nan sunaye ne marasa ido, ba sa kallon komai, kuma ranar da aka gano su share su za a yi. Duk wanda zai shiga ya ɗauka shekarar farko ta koyon aiki ce, ya riƙe makarantarsa ko shagonsa da hannu biyu.

Na san abin da iyaye za su ce, yayata ma ta faɗa mini: da ma gem ya cinye yaro, yanzu kuma za a ba shi lasisi. Tsoronsu yana da tushe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem a jerin cututtuka, wato mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa a kan komai na rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Mun san irinsu, masu kwana a kan waya su tashi azahar. Sai dai abin da na lura da shi a ɗakina shi ne yaron da ya kama sharhi da gaske wasansa raguwa yake yi. Wasan minti goma yana jawo awanni na rubutu da naɗa da yanka da sake saurare. Yana koyon tsara magana, da tace bidiyo, da cika alƙawarin ranar da ya ce zai ɗora, kuma waɗannan ko ya bar gem gobe za su ciyar da shi, gidajen rediyo da masu shirya fim da 'yan kasuwa duk suna neman masu su. Uban da ya ga ɗansa da takarda yana rubuta abin da zai faɗa, ya sa masa iyaka a kan lokacin sallah da karatu da barci, ya kuma riƙa kallon abin da yake ɗorawa. Wanda ya ga ɗansa yana buga wasa awa tara yana cewa atisaye yake yi, ya karɓe wayar. 'Yan mata ma suna buga wasannin nan fiye da yadda ake zato, kuma wannan na cikin sana'o'in intanet ƙalilan da ba sai an nuna fuska ba, allo da murya sun isa.

Tunda baki ne jarin, a tuna shi ke yanka wuya. Ashar ɗin da ake zubawa a shagon gem iska ke kwashe ta, wadda aka naɗa tana nan har ranar da za a je nema maka aure. Tsokana tsakanin Katsinawa da Gobirawa ko Kanawa da Zage-zagi gishirin sharhi ce in an san iyakarta. Addinin wani da uwar wani da ƙabilar wani ba sa cikin wasan. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu na kwana 30 a kan bidiyon da suka yi game da gwamnan lokacin. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, ya san a garin da yake naɗar murya.

Abin da ya fi damuna shi ne caca, domin ta ƙofa biyu take shigo wa mai sharhin gem. Ta farko a fili take: da ka fara tara samari masu son ƙwallo, dillalan kamfanonin caca za su neme ka, su ba ka lamba ta musamman, duk wanda ya yi rajista da ita kana da kamasho, kuma tayinsu zai fi na mai sayar da waya tsoka. Ta biyu a cikin wasan take. FC da eFootball da Free Fire duk suna sayar da ƙunshi a rufe, ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba, ko ka samu babban ɗan wasa ko ka samu tarkace. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan caca ce, har EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan FIFA a ƙasar a farkon 2019. Bidiyon buɗe irin wannan ƙunshi yana jan masu kallo sosai a waje, mai tasha yana ta tsalle yana ihu in ya dace, ba a nuna kuɗin da ya narke kafin a kai ga tsallen. Masu kallon sharhin gem na Hausa da yawansu 'yan firamare ne da 'yan ƙaramar sakandare, kuma wayar da ke hannunsu ta babarsu ce, da manhajar bankinta a ciki.